Shinauza: Ƙaramin karen Jamus mai gemu da nauyin da ke kan mai kiwonsa

A cikin karnukan da iyalai ke ajiyewa a gida a Turai da Amurka da gabashin Asiya, akwai wani ɗan ƙarami da ba a rikita shi da kowa. Yana da gemu da gashin baki da gira mai kauri wadda ta kusa rufe masa ido, ta yadda idan ya zauna ya ƙura wa mutum ido sai ka ce dattijo ne ke sauraron ƙara. Sunansa Schnauzer, ana furta shi kamar "shinauza", kuma wanda ake magana a kansa a nan shi ne mafi ƙanƙanta cikin nau'o'insa uku.

Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 30 zuwa 35 ne, nauyinsa kuma kilo 4 zuwa 8. Wannan ƙanƙantar ce ke jan hankalin masu zama a gidajen bene da masu ƙananan yara, ita ce kuma ke yaudarar da yawa daga cikinsu.

Karen yakan rayu shekara 12 zuwa 15. A tsawon shekarun nan yana buƙatar aski duk bayan 'yan makonni, da abincin da aka auna maiƙonsa, da fita yawo kullum, da mutumin da zai zauna tare da shi. Magidancin da ya kawo shi gida lokacin da ɗansa ke aji ɗaya na firamare, mai yiwuwa karen yana nan da ransa ranar da yaron zai kammala sakandare.

Daga bargar dawaki zuwa falo

Asalin shinauza kudancin Jamus ne, a yankunan Bavariya da Württemberg. Manoman wannan yanki sun daɗe da wani kare matsakaici mai kaushin gashi da ke gadin gona, yana raka keken doki zuwa kasuwa, yana kuma kashe ɓeraye a barga da ma'ajiyar hatsi. Sunan ya samo asali daga kalmar Jamusanci Schnauze, wadda ke nufin baki da hancin dabba, saboda gashin da ya cika masa wannan wuri.

A ƙarshen ƙarni na 19 masu kiwo suka so samun irin wannan kare amma ƙarami, wanda zai iya kutsawa lunguna bayan ɓera kuma ba zai ci abinci da yawa ba. Sai suka riƙa zaɓar ƙananan cikinsu suna haɗa su da wasu ƙananan jinsuna irin su Affenpinscher. Ta farko da aka rubuta a kundi wata baƙar karya ce mai suna Findel a 1888. A 1895 aka kafa ƙungiyar masu kiwon wannan dangi na karnuka a Jamus, sannan a 1899 aka fara baje kolin ƙaramin a matsayin jinsi mai zaman kansa.

Ya isa Amurka a tsakiyar shekarun 1920, kuma ƙungiyar rajistar karnuka ta ƙasar, wato AKC, ta amince da shi a 1926. Tun daga nan ya zarce yayyensa biyu, matsakaicin da kuma babban da 'yan sanda da sojoji ke aiki da shi, wajen farin jini. Shekara da shekaru yana cikin jinsuna 20 da aka fi yi wa rajista a Amurka. Marigayi Sanata Bob Dole, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka a 1996, ya shahara da wani shinauza mai suna Leader.

Sanin wannan tarihi yana da amfani ga mai niyyar kiwonsa. Karen ya bar barga ya koma kan kujerar falo, amma halin da aka gina shi a kai bai bar shi ba. Har yanzu ɗan gadi ne kuma maharbin ɓera.

Halinsa: wayo da yawan haushi

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, Stanley Coren, ya wallafa littafi a 1994 inda ya jera jinsunan karnuka bisa saurin ɗaukar umarni. Ƙaramin shinauza ya zo na 12 a jerin da ya ƙunshi jinsuna sama da 100. Yana saurin gane abin da ake so ya yi, yana kuma saurin gane inda mai gida ke da rauni. Idan ya lura cewa kuka a gefen tebur na sa a jefa masa loma, ya riƙe wannan darasi ke nan.

Babban abin da masu shi ke kuka da shi shi ne haushi. Ƙwanƙwasa ƙofa, ƙarar babur, baƙuwar murya a waje, duk sai ya sanar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, domin aikin da aka ƙirƙire shi dominsa ke nan. Ana iya rage haushin da horo, ba a iya kawar da shi gaba ɗaya. Masu horar da karnuka kan ja kunnen cewa daka masa tsawa ƙara abin yake yi, don a ganinsa mai gida ma ya taya shi haushin ne. Abin da ke aiki shi ne a bar shi ya sanar sau ɗaya ko biyu, a kira shi, idan ya yi shiru a ba shi ɗan tukuici.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makonnin farko na rayuwar kwikwiyo, har zuwa wajen mako 14, su ne lokacin da yake koyon abin da zai ɗauka a matsayin al'ada da abin da zai ji tsoro. Wanda ya saba da yara da baƙi da ƙarar mota da taɓin kunne da ƙafa a wannan tsakani yakan tashi da natsuwa. Wanda aka kulle shi a ɗaki kuwa yakan tashi yana yi wa kowa haushi saboda tsoro.

Horon yakan fi tasiri idan gajere ne, minti 5 zuwa 10 sau biyu ko uku a rana, da lada a duk lokacin da ya yi daidai. Duka ba ya koya masa komai sai gudun hannun mutum, kuma karen da ke tsoron hannu shi ne ya fi kusa da cizo. Wajen koya masa inda zai yi bayan gida, ana fitar da shi wuri ɗaya da zarar ya farka, da bayan ya ci abinci, da bayan ya gama wasa.

Yana buƙatar motsa jiki na kusan awa ɗaya a rana, wanda za a iya raba shi safe da yamma. Ba ya jure kaɗaici. Ƙungiyar kula da jin daɗin dabbobi ta RSPCA a Ingila tana ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu. Shinauzan da aka kulle daga safe zuwa dare yakan huce a kan takalma da ƙafafun kujeru, ko ya wuni yana haushi har maƙwabta su kawo ƙara.

Zama da yara da sauran dabbobi

Ana yabon shinauza da son yara, kuma jikinsa ya fi na sauran ƙananan karnuka ƙwari, ba ya saurin karyewa a wajen wasa. Duk da haka ƙa'idar likitocin dabbobi ɗaya ce ga kowane jinsi: ba a barin jariri ko ƙaramin yaro shi kaɗai da kare. Ana koya wa yara kada su ja masa gemu ko wutsiya, kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada kuma su ƙwace masa abin da ke bakinsa.

Idan kare ya yi gurnani, gargaɗi ne yake bayarwa cewa an matsa masa. Hukunta shi a kan gurnanin na iya sa ya daina gargaɗin ya wuce kai-tsaye zuwa cizo. Abin da ya fi shi ne a raba shi da abin da ke damunsa, sannan a gano dalili.

Yakan zauna lafiya da kyanwar da suka tashi tare. Amma duk ƙaramar halittar da ke gudu ko fuffuka, a wajensa abin farauta ce. Gidan da ake kiwon 'yan tsaki ko zomaye ko tantabaru sai an raba musu wuri da shinge. A kan titi kuma ba a sakin igiyarsa, domin idan ya hango ƙadangare ko ɓera a tsallaken hanya ba ya duba mota.

Gashin da ba ya zuba, amma sai an biya wanzami

Gashin shinauza hawa biyu ne, na sama mai kauri kamar waya da na ƙasa mai laushi. Launukan da aka sani su ne baƙi, da baƙi mai ratsin azurfa, da ruwan furfura wanda Jamusawa ke kira "masoro da gishiri". Hukumar karnuka ta duniya, FCI, ta amince da fari ma, sai dai AKC ba ta karɓarsa a gasar baje koli.

Ba ya zubar da gashi sosai a kan kujeru da darduma, shi ya sa ake tallata shi ga masu atishawa da ƙaiƙayi idan sun kusanci kare. A nan akwai gyara. Abin da ke tayar da wannan larura yana cikin yawun kare da ɓawon fatarsa, kuma babu karen da ba shi da su. Duk gidan da ke da mai asma ko makamanciyarta, ya kamata mai larurar ya zauna da irin karen na ɗan lokaci a ga yadda jikinsa zai yi kafin a biya kuɗi.

Gashin da ba ya zuba ci gaba yake yi da tsiro. Idan ba a taje shi sau biyu ko uku a mako ba, sai ya dunƙule a hammata da ƙafafu da gemu, ya riƙa jan fata, ya ɓoye ƙuraje da kaska. Duk bayan mako 5 zuwa 8 sai an yi masa aski. Masu kai karnuka gasa suna tsige mataccen gashin sama da hannu don ya ci gaba da kaurinsa. Yawancin iyalai kuwa injin aski suke sa wa, wanda ya fi sauƙi da araha, ko da yake yana sa gashin ya yi laushi launinsa ya koɗe.

Gemun kansa aiki ne. Yana shiga ruwa da abinci, don haka sai an goge shi bayan cin abinci, in ba haka ba ya yi wari ya canza launi. Ana duba cikin kunne duk mako saboda gashin da ke tsirowa a ciki yana tara datti. Ana yanke farata kusan duk wata. Haƙoransa 42 a cushe suke cikin ɗan ƙaramin baki, shi ya sa ciwon dasashi ya yi yawa a tsakaninsu. Ana goge su da buroshi da man da aka yi domin karnuka, saboda man goge bakin mutane yana da sinadaran da ke cutar da su.

Akwai kuma wasu ƙuraje masu baƙin kai da ke fito wa wannan jinsi a gadon baya, har an raɗa wa larurar sunansa. Ba ta kisa, amma tana buƙatar sabulun wanka na musamman da likita zai rubuta.

Maiƙo, babban abokin gabarsa

Idan akwai abu ɗaya da mai shinauza zai riƙe, to batun abinci ne. Wannan jinsi yana da larurar gado ta taruwar kitse a cikin jini. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na ƙananan shinauza masu alamar ƙoshin lafiya suna da kitsen jini fiye da kima, kuma adadin yana ƙaruwa da yawan shekaru.

Wannan yana da alaƙa da kumburin fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance kusa da tumbi wadda ke samar da ruwan narkar da abinci da sinadarin insulin. Cin abinci mai maiƙo sau ɗaya tak na iya tayar da ciwon. Alamominsa su ne amai, ƙin cin abinci, kasala, da ciwon ciki mai tsanani, har karen ya riƙa kwantar da ƙirjinsa a ƙasa yana ɗaga bayansa sama. Wannan ba ciwon da ake jira a ga wayewar gari ba ne, domin yana kisa. Wanda ya yi ta fama da shi kuma yana iya ƙarewa da ciwon suga, wanda ke nufin allurar insulin kullum har ƙarshen rayuwarsa.

Likitocin dabbobi a Amurka sun saba ganin irin waɗannan karnuka bayan bukukuwan ƙarshen shekara, lokacin da ake zuba musu fatar talotalo da ragowar kitse. Duk abin da ya yi kama da wannan haɗari ne gare shi: kitsen rago, soyayyen nama, fatar kaza, tsire, ƙuli-ƙuli, miya mai yawan mai.

Abin da ya dace shi ne abincin karnuka mai ƙarancin maiƙo, a auna shi, a raba sau biyu a rana ga babba, sau uku ko huɗu ga kwikwiyo. Tukuicin horo kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci a yini, kuma ɗan yankan karas ya wadatar. Mai son dafa masa da kansa ya nemi likita ya tsara masa, domin tuwo da romo kaɗai ba sa ba shi abin da jikinsa ke buƙata. Hanyar gane ƙiba mai sauƙi ce: idan aka shafa gefensa ba a ji haƙarƙari ba sai an danna, ya yi nauyi.

Akwai abubuwan da guba ne ga kowane kare, kuma ƙaramin jiki ya fi saurin jigata da su. Daga ciki akwai cakulan, albasa, tafarnuwa, inabi da zabibi, da cingam mai ɗauke da sinadarin zailitol. Goro ma yana ciki, saboda yana da sinadaran kafin da tiyoburomin irin waɗanda ke sa kofi da cakulan su zama haɗari gare su. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen suna lalata musu tumbi da ƙoda. Maganin ɓera kuwa haɗarinsa biyu ne ga karen da aikinsa kamun ɓera, domin yana iya cin maganin, yana iya kuma cin ɓeran da ya ci maganin.

Mafitsara da ido

Larura ta biyu da aka san jinsin da ita ita ce tsakuwar mafitsara. Alamarta yawan tsugunno, yunƙuri ba tare da fitsarin kirki ba, ko jini a cikin fitsari. Idan tsakuwar ta toshe wa namiji hanya gaba ɗaya, kwana ɗaya ko biyu sun isa su hallaka shi, don haka asibiti ake nufa nan take. Ruwa mai tsabta a kowane lokaci da yawan fitar da shi ya yi fitsari suna rage haɗarin.

A ɓangaren ido, suna gadon yanar ido da kuma wata cuta da ke lalata bayan ido sannu a hankali har ta kai ga makanta. Wasu tsofaffin, musamman mata, suna samun matsalar bugun zuciya da ke sa su yanke jiki su faɗi. Saboda haka ake so a kai kare asibiti sau ɗaya a shekara ko da lafiyarsa ƙalau, sau biyu idan ya haura shekara takwas, a riƙa gwada jini da fitsari.

Riga-kafi: kariyar kare da ta mutanen gida

Kwikwiyo yana fara karɓar allurar riga-kafi yana da mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk bayan mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Allurar tana kare shi daga cututtuka irin su fabo, mai sa amai da gudawar jini wadda ke kashe kwiyakwiyai cikin 'yan kwanaki. Kafin ya kammala allurorin ba a barinsa ya yi cuɗanya da karnukan da ba a san lafiyarsu ba.

Allurar ciwon haukan kare ana yin ta ne daga wata uku. Wannan ita ce wadda ta shafi rayuwar mutane kai-tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya mutum ya tsira. Duk wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar.

Yanke kunne da wutsiya

A tsofaffin hotuna ana ganin shinauza da kunnuwa a tsaye masu tsini da guntuwar wutsiya. Ba haka ake haihuwarsa ba, yankewa ake yi. Jamus, ƙasarsa ta asali, ta haramta yanke kunnen kare a 1987, ta haramta yanke wutsiya a 1998 in ban da wasu karnukan farauta. Ingila ma ta hana yanke wutsiya don ado tun 2007. A Amurka har yanzu ana yi. Ga karen gida yankan ba shi da wani amfani, kuma wutsiya da kunne su ne abin da kare ke nuna halin da yake ciki da su, wanda ke taimaka wa yara su gane lokacin da ya kamata su ƙyale shi.

Idan za a kiwata shi a ƙasa mai zafi

A manyan birane irin su Abuja da Legas da Jos, kiwon karnukan ƙasashen waje ba baƙon abu ba ne, sai dai an fi sanin manyan karnukan gadi. Mai tunanin shinauza a irin wannan yanayi yana da ƙarin lissafi.

Na farko zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, idan ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari. A bazarar arewacin Najeriya da Nijar, inda zafi ke wuce digiri 40, ba a fita da shi sai da sassafe ko bayan faɗuwar rana. Idan bayan hannun mutum bai iya jure zafin kwalta ko siminti ba, tafin ƙafar kare ma ba zai jure ba. Ba a barinsa a cikin mota ko na minti kaɗan. Idan ya fara haki mai tsanani, yawu na dalala, yana tangaɗi, a kai shi inuwa a kwarara masa ruwa mai sanyi, a garzaya asibiti.

Na biyu ƙwari. Kaska tana ɗauke da cututtukan jini da ke sa zazzaɓi da ƙarancin jini, kuma gashin shinauza maɓoya ce mai kyau gare ta. Akwai kuma ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa, tsutsarsa ta shige fatar kwikwiyo ta yi ƙurji. Maganin kaska da na tsutsar ciki a kan kari, da busasshiyar shimfiɗa mai tsabta, wajibi ne. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da allurar haukan kare, sannan akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Ahmadu Bello da ke Zariya, da Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da ta Maiduguri.

Na uku, wanda ga iyalai da yawa shi ne na farko, batun addini da zamantakewa. Malaman Musulunci sun halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, da yawansu kuma sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata. Ajiye shi don sha'awa kawai kuwa mafi yawansu sun hana ko sun karhanta. A kan tsarki ma akwai saɓani: mazhabar Malikiyya tana ɗaukar jikin kare mai rai da yawunsa a matsayin masu tsarki, tare da umarnin wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, yayin da Shafi'iyya da Hanbaliyya ke ɗaukarsa najasa. Wannan tambaya ce da mutum zai kai wa malaminsa kafin ya sayi kare, domin shinauza ba irin karen da ake ɗaurewa da sarƙa a bakin ƙofa a manta da shi ba ne. Idan tsarin gida bai ba shi damar zama kusa da mutane a wuri mai inuwa da sanyi ba, zai wahala, maƙwabta ma za su wahala da haushinsa.

Kafin a biya kuɗi

Ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas. Mai saye ya nemi ganin uwar da idonsa a inda aka haifi 'ya'yan, ya ga katin riga-kafi mai sa hannun likita, ya tambayi lafiyar idon iyayen. Ingila ta kafa doka a 2020 da ta hana dillalai da shaguna sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, don daƙile masu tara karnuka a ƙazamin wuri suna hayayyafa da su saboda kuɗi.

A yi hattara da masu tallar shinauza "ɗan mitsitsi" wanda bai kai girman da aka sani ba, ko mai launin da ba a san jinsin da shi ba, domin irin waɗannan sukan zo da larurori. Haka kuma masu sa hoto a intanet suna neman a tura kafin alƙalami kafin a ga kare, da yawansu 'yan damfara ne. Shigo da kare daga wata ƙasa kuma yana buƙatar izinin hukumomin lafiyar dabbobi da shaidar riga-kafi.

Kuɗin sayen shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Abinci na musamman, aski sau bakwai ko takwas a shekara, allurai, maganin kaska, da tiyatar da ka iya tasowa ba shiri, su ne ainihin kuɗin. Akwai kuma shawarar dandaƙa namiji ko cire wa mace mahaifa, wanda ke hana haihuwar da ba a shirya mata ba, yake kuma kare mace daga ruɓewar mahaifa idan ta manyanta.

Tun 1978 wata ƙungiyar kula da karnuka a Birtaniya, wadda yanzu ake kira Dogs Trust, take gargaɗin jama'a kada su sayi kare a matsayin kyautar biki su yasar da shi bayan an watse. Gidajen ajiye karnukan da aka yasar a ƙasar sun sake ganin haka bayan kullen korona, lokacin da waɗanda suka sayi kwiyakwiyai don ɗebe kewa suka koma bakin aiki.

Don haka iyalin da ke son shinauza su zauna su amsa wasu tambayoyi tun kafin ya shigo. Wa zai fita da shi kullum da asuba? Wa zai riƙe shi idan an yi tafiya? Yara da baƙi za su iya daina jefa masa nama? Akwai likitan dabbobi da mai aski a kusa? Idan ya kai shekara 12, idonsa ya yi yana, kunnensa ya yi nauyi, yana buƙatar magani kullum, wa zai ɗauki nauyinsa?

Wanda buƙatarsa gadi ce kawai, karen gida da ya saba da zafi da abincin ƙasar ya fi masa sauƙi, in dai zai yi masa riga-kafi ya ba shi ruwa da inuwa. Wanda ɓeraye suka dama, kyanwa ta ishe shi. Shinauza na iyalin da ke da lokaci da hali da wurin zama da shi ne, waɗanda suka amince cewa shekara goma sha wani abu za su yi suna auna masa abinci suna goge masa gemu.